Abin Da Ke Sa Sifikar Wayarka Magana

A shagona, masu walda da maƙera sun fi kowa kawo kukan sifika ta shaƙe. Dalilin yana cikin yadda take aiki.

In ka buɗe sifika, abu uku za ka gani: maganaɗisu, koyil na siririn zaren jan ƙarfe, da 'yar fata kamar ta ganga. Duk zaren da lantarki ke bi ta cikinsa, in yana kusa da maganaɗisu, maganaɗisun zai tura shi. Wutar ta juya, turin ma ya juya. Haka koyil ke kai da komo, sau ɗaruruwa zuwa dubbai a daƙiƙa ɗaya, yana kaɗa fatar, kai kuma ka ji muryar mai kiranka. Tun 1821 Michael Faraday ya nuna wannan turin a Ingila.

To, maganaɗisun nan ba ya barci, ko wayar na kashe. Shi ke zuƙo garin ƙarfe har fatar ta kasa motsi.

Don Allah kar ka soka allura. In fatar ta huje, sai canji. Goge ramukan da busasshen buroshi mai laushi, kuma ka nisanta wayarka da inda ake yankan ƙarfe.