Yini ɗaya a bencin baya na aji biyar

'Yan uwa, yau ba zancen kuɗin makaranta ko tsadar ɗaki na zo da shi ba. Binciken digirina na biyu ne ya kai ni wata firamare ta gwamnati a nan Ibadan, ba nisa da Sabo. Aikina in zauna a bayan aji biyar, in sa ido, in cike takarda.

Kafin ƙarfe takwas yara sun share harabar, an buga ganga an yi layi. Aka yi addu'a, aka rera taken ƙasa, aka duba farce da kayan makaranta, kowa ya wuce ajinsa. Malama ta kira suna, monita ya goge allo, aka shiga lissafi. Darasin ranar shi ne haɗa rabi da kwata.

Ta yi bayani da Turanci, aji ya yi tsit. Da ta ga idanu sun yi zuru-zuru sai ta juya Yarbanci, nan take hannuwa suka tashi sama. A tsarin da aka daɗe ana bi, daga aji huɗu Turanci ne harshen koyarwa, amma duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san idan abu ya cije harshen gida ake komawa.

Yarinya ɗaya ce ban ga hannunta ba. Tana ta kwafe allo tsaf, kanta a sunkuye. Aka yi Turanci, aka yi kimiyya, ko tari ba ta yi ba. A takardata har na rubuta "ba ta shiga darasi".

Da aka tashi tara, yara suka yi wajen masu abinci, sai na ji ta tana yi wa ƙaninta faɗa da Hausa. Yawancin yaran Sabo Yarbanci a bakinsu kamar ruwa, ita kuwa ashe bana iyayenta suka dawo da ita daga Arewa. Na ce mata, "Ƙanwata, an aike ki da rabin mudun gero, aka ƙaro miki kwata, nawa ke nan?" Ko numfashi ba ta ja ba ta ce, "Yaya, ai saura kwata mudu ya cika."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Amsar da aji ya sha wuya a kanta ke nan. Na soke abin da na rubuta.

Ba na ganin laifin malamar. Ita kaɗai ce a kan aji cike maƙil, kuma da na gaya mata, da kanta ta miƙo min littafi in rubuta mata "rabi", "kwata" da "kin gane?". Bayan tara ta gwada, yara suka kwashe da dariya, yarinyar ma ta yi murmushi.

Abin da ya hana ni barci daban ne. A ajinmu na firamare a gida akwai wani yaro Ibo, ɗan mai sayar da kayan gyaran mota. Malam na juyawa Hausa mu ce mun gane, shi ya yi shiru. Daƙiƙi muke ce masa. Sai yau, bayan kusan shekara ashirin, na san abin da muka yi masa.

Da aka tashi na ga ta kama hannun ƙaninta, ga Islamiyya na jiransu da yamma. Badi za ta shiga aji shida, jarrabawar shiga sakandare kuma ba ta jiran kowa.

Mu da ke karatu a Kudu muna da yawa, kuma kusan duk garin da muke akwai Sabo ko Zango. Ni dai na yi magana da mahaifinta, ranar Asabar da hantsi zan fara zuwa, awa ɗaya. Wanda ke Ibadan kuma yana da hali, ya yi min magana mu tafi tare.