Kukan birkin gaba

Wata uku moton wani malamin makaranta a birnin Maraɗi ya yi yana kuka. Duk sa'ad da ya matsa birkin gaba sai a ji ƙara siririya, kamar ana wasa wuƙa bisa dutse. Ya san abin da take nufi, amma albashi ɗaya ne, bakuna kuwa tara. Sai ya bar birkin hannu, ya dogara ga na ƙafa. Da ma mutanen gari tsoron birkin gaba suke, wai shi ke kada mutum. Cikin rairayi suna da gaskiya. Bisa kwalta kuwa, in moto zai tsaya nauyinsa gaba yake zubewa, tayar baya ta yi sakayau, don haka mafi yawan aikin tsayawa birkin gaba ke yinsa.

Wata Litinin, ranar kasuwa, ya ɗauko ɗiyarsa zai kai ta lakwal, sai amalanken jaki ya faɗo hanya. Ya taka birki, tayar baya ta ja ƙasa ta karkace, moto bai tsaya ba sai da ya rage taƙi ɗaya ya daki ƙarfen amalanken. Yarinyar ba ta ce uffan ba. Da ya sauke ta ne ya ga yadda ta cukuikuye masa riga.

Da maraice ya je wurin wani dattijon makanike. Dattijon ya kwance noti biyu, ya zare ƙarfen da ke cafke faifan taya, ya fiddo abin da suke ce wa palaket, guda biyu. Ɗaya saura ɗan ɓawo, ɗayan kuwa ya cinye ƙurmus, ƙarfe ke gugar ƙarfe. Ya kama yatsan malamin ya bi da shi bisa faifan, ya ji zane-zane.

"Mushe, da ka ƙara sati biyu, faifai za mu saya. Shi kuwa kuɗinsa ba na wasa ba ne."

Ya aza masa iri biyu a gaba, mai araha da mai tsada. Tun da darajar Sefa ta faɗi a 1994 ma'aikaci ya koyi fara tambayar mai araha, har abin ya zame masa jiki. Malamin ya juya su a hannu, ya yi ciniki har ya gaji, ya ɗauki mai tsadar.

Dattijon ya share ƙurar da ta daskare a wurin, wadda ke cin palaket kamar zarto, ya tura fistan ya koma ciki don sabbin su samu wuri. Kafin ya taɓa su sai da ya goge hannunsa sarai, don maiƙo kaɗan ya isa ya hana su kamawa. Ya ɗaure, ya ce a matsa.

Malamin ya matsa, hannun birkin ya tafi fayau har ya taɓa kan moto. Gabansa ya faɗi.

"Baba, ai babu kome!"

"Ƙara dai. Fistan ne bai dawo ba tukuna. Wanda ya hau bai yi haka ba, a mararrabar farko zai tuna."

A matsa ta biyar birki ya yi tauri. Dattijon ya ce ya bi shi sannu na ƴan kwanaki, har sabbin su zauna bisa faifan.

Washegari ya ɗauko yarinyar. Da suka iso inda amalanken ya fito, ƙafarsa ce ta riga hannunsa zuwa ga birki, sai da ya tuna sannan ya matsa na gaba.