Ranar da ƴata ta ƙi taka ƙasa

Ƴata tana da shekara biyu da ƴan watanni lokacin da ta wayi gari ta ƙi taka ƙasa da ƙafar hagu. Gwiwar ta kumbura, ta ɗauki zafi, ga zazzaɓi. Mahaifiyata ta shafa wurin ta ce, “Targaɗe ne, ko kuwa sanyi ya shige ta. A kira mai ɗori.” Ni da nake koyar da ɗalibai ilimin ma’anar kalmomi, sai na karɓi kalmar “sanyi” hankali kwance. Ai katin rigakafin yarinyar cike yake, babu allurar da ta wuce ta.

Kwana biyu muna gasa gwiwar da ruwan ɗumi. A rana ta uku, da ya zama ko taɓa ƙafar aka yi sai ta tsala ihu, muka nufi asibiti. Likita ya zuƙo ruwan gwiwar da allura, sai ga mugunya. Ya dube ni ya ce, “Malam, wannan ciwon ba ya jira. Mugunya tana cinye guringuntsi cikin kwanaki kaɗan.”

Daga baya na fahimci inda na yi kuskure. Kafin rigakafi ya yaɗu, ƙwayar cutar da ake kira Hib, mai haddasa sanƙarau da ciwon huhu, tana cikin manyan masu kama gaɓoɓin ƙananan yara. Gambiya ta fara ba jarirai rigakafinta a 1997, Nijar a 2008, Nijeriya a 2012, kuma duk inda allurar ta wadata cutar ta ja baya ƙwarai. Amma wadda aka samu a gwiwar ƴata Staphylococcus aureus ce, mai zama a fata da hanci, wadda ke bin jini ta sauka a gaɓa. Har yau ba ta da rigakafi.

An wanke gaɓar, aka yi ta ba ta magani ta jijiya, Allah Ya ba ta lafiya. Yanzu da gudu take tarbata in na dawo daga aiki.

Duk shekara in na zo kan kalmar “sanyi” a aji, nakan lissafa wa ɗalibai ma’anoninta: na hunturu, na hali, na ƙashi. Sannan in gaya musu cewa yaron da gaɓarsa ta kumbura da zafi, yana zazzaɓi, ya ƙi takawa, a kai shi asibiti a ranar, kowane suna aka ba ciwon a gida.