Bayan Littafin Soyayya, Ina Na Sana'a?

  

Yau dai ba labarin masoya na zo muku da shi ba, wata 'yar magana ce da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Kun san ni marubuciyar littattafan soyayya ce, ina kuma alfahari da hakan, domin kuwa da yawa daga cikin matan ƙasar nan son karanta labari ne ya sa bakinsu ya faɗa da karatun Hausa. To amma 'yar uwa, tsakaninki da Allah, in kika buɗe akwatinki ko wayarki kika ƙirga littattafan da kika tara, guda nawa ne a ciki suke koya wa hannunki yin wani abu? Na san mafi yawanmu amsar ita ce babu ko ɗaya. Shi ya sa nake so mu tattauna a kan ɗaya nau'in littafin, wanda babu jarumi a ciki, babu kishiya, babu uwar miji, sai awo da zane da bayani dalla-dalla.

Ga dalilina. A nan garinmu Masanawa, cikin ƙaramar hukumar Kabo, haka ma a sauran garuruwan da ke tsakaninmu da Gwarzo, yarinya takan gama sakandare ta dawo gida ta zauna jiran ɗayan biyu, ko sakamakon jarrabawa ko miji. Jarumin da muke rubuta muku a littafi yana da kamfani da mota da gidan bene, alhali kuwa wanda zai zo zance ƙofar gidanku manomi ne, ko ɗan acaɓa, ko malamin firamare, ko kuma wanda da an kawar da amfanin gona zai ɗauki jaka ya tafi cirani Abuja ko Legas. Mutumin kirki ne, amma ba kullum ne zai ajiye miki kuɗin sabulu da na omo da na maganin yaro ba. Balle kuma in ƙaddarar mutuwar aure ta gitta, ko ta rasuwa. Ina da 'yar goggona da ta dawo gida da 'ya'ya biyu tana da shekara ashirin da uku, wallahi ba don keken ɗinkinta ba da Allah kaɗai ya san halin da za ta shiga. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Na san wata za ta ce, yo ita sana'a ai a hannu ake koyonta, kakanninmu da suka iya kaɗi da saƙar faifai da ƙuli-ƙuli da daddawa wane littafi suka karanta? Maganarki gaskiya ce, gani ya kori ji. Sai dai koyo a hannu yana da giɓi biyu. Na farko, tsofaffinmu da ido suke awo. Ki tambayi Kaka yawan tsamiyar da ake sa wa alkaki, za ta ce miki "daidai misali", ita ta san misalin domin ta shekara arba'in tana yi, ke kuwa ba ki sani ba. Na biyu shi ne rowa. Bayan mun gama makaranta, mu huɗu muka haɗa kuɗi muka je wajen wata mata a wani gari kusa da mu don ta koya mana haɗa sabulu. Sati uku muna zarya, mun iya juyawa, mun iya zubawa a mazubi, mun iya yankawa, amma duk ranar da aka zo wajen awon soda sai ta ce, "Ku tashi 'yan nan ku ɗebo mini ruwa a rijiya." Kafin mu dawo ta gama. Ta karɓe kuɗinmu, sirrin kuwa yana nan a hannunta.

Wani ɗan siririn littafi da Yayana ya sayo mini a Kano, a wajen masu sayar da tsofaffin littattafai, shi ya warware mini abin da matar nan ta ƙulle. A nan na ga cewa kowane mai yana da awon sodar da yake ci, man alayyadi ya fi man gyaɗa da man kaɗanya cin soda, don haka ba a sauya mai a bar awo yadda yake. A nan na ga cewa soda ake zubawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan, ba a taɓa kwara ruwa a kan soda, domin tana iya tafasowa ta fantsamar wa mutum a fuska. Ba a haɗawa a tukunyar alminiyam saboda soda tana cin ta, sai a roba mai kauri. A sa safar hannu, a yi a fili inda iska ke kaɗawa, a kori yara daga wajen. In kuma an yanka sabulun, a bar shi ya sha iska sati huɗu zuwa shida kafin a yi wanka da shi. Kin ga wannan ba maganar riba kaɗai ba ce, maganar idonki ce da fatar jikinki. Littafi ya ba ni awo, ya kuma ba ni dalili, bai aike ni rijiya ba.

Haka abin yake a wajen kiwo. Wace ce a cikinmu ba ta da 'yan kajinta? Amma duk shekara da hunturu ya kama sai annoba ta bi gida-gida ta share su, mu ce iska ce. A 'yar takardar malaman gona na karanta cewa cutar tana da allurar rigakafi, ana ma yin ta a nan ƙasar, a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, kuma tun kafin sanyi ya shigo ake yi wa kaji, ba sai sun fara gyangyaɗi ba. A nan kuma na ga ƙwan kaza kwana 21 yake yi ya ƙyanƙyashe, na zabuwa kuwa yakan kai kwana 28, saboda haka mai son kaza ta kwanta mata a kan duka biyun sai ta riga sa na zabin da mako guda. Ga kuma ajiyar wake. Akwai buhu mai hawa uku, leda biyu a ciki da buhu a waje, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro. In kika busar da wake sosai kika ɗaure kowane hawa da kyau, iska ba ta shiga, ƙwari sai su mutu da kansu, ba sai an barbaɗa maganin da ke kwantar da iyali a asibiti ba. Dubi ƙanƙantar waɗannan bayanai, amma rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ba kuma komai ne sai don kuɗi ba. Akwai abin da mace za ta koya don sha'awa kawai, ya ɗebe mata kewa, ya raba ta da zaman gulma a tsakar gida. Ni saƙar kwarashi ce tawa. Littafin da na koya a ciki da Turanci aka rubuta shi, Turancina kuwa na 'yar sakandaren ƙauye ne, amma zanen da ke ciki ya ishe ni, domin kowane irin ɗauri yana da alamarsa. Da sarƙa na fara, sannan hular jariri, sannan safa, har na kai ga rigar sanyi. Tun ina yi don nishaɗi har matan unguwa suka fara aiko da zaren ulu in an kusa suna. Da kuɗin saƙar nan na biya wanda ya buga mini littafina na farko a kwamfuta. Ita ma 'yar goggon tawa, a hannu ta koyi taka keke, amma a littafi ta koyi yanka: yadi ɗaya inci 36 ne, turmin atamfa yadi shida, a bar rarar ɗinki a kowane gefe, a fara gwada yankan a tsohuwar jarida kafin a sa almakashi a atamfar mutane.

Wata kuma za ta ce, ai yanzu komai yana cikin waya, ga YouTube ga TikTok. Ban musa ba, ni ma ina kallo, bidiyo yana nuna motsin hannu fiye da yadda takarda za ta nuna. Amma ke ma kin san yadda muke fama da caji da kuɗin data a ƙauye. Sannan mai bidiyo sauri take yi, ta zuba wannan ta zuba wancan, in kin nemi awo ta ce ki biya ki shiga ajinta na WhatsApp. Littafi kuwa ko fitilar hannu gare ki zai karantu, ki maimaita shafi sau goma ba zai yi tsaki ba, kuma matar da ba ta fita, shi yana shiga har ƙuryar ɗakinta. In kin haɗa biyun kin more, ki kalli hannu a waya, ki ɗauki awo a littafi.

Kada ki ɗauka wannan baƙon abu ne a ƙasar Hausa. Tun da aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945 ake buga littattafan ilimi da Hausa. Marigayi Abubakar Imam da muka sani da Magana Jari Ce, shi da Dokta East suka rubuta Ikon Allah, mai bayanin halittu da al'amuran duniya. A shekarun 1950, lokacin Yaƙi da Jahilci, hukumar NORLA ta fitar da ƙananan littattafai a kan tsafta da noma da kiwon lafiya don waɗanda suka koyi karatu da girmansu. A nan Kano kuma gwamnatin marigayi Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, inda mata suka riƙa haɗa karatu da koyon ɗinki da saƙa. Uwarmu a rubutu, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, mai Wa Zai Auri Jahila?, an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, ta ajin manya ta koma ta ɗora karatunta. Ashe hanya ce da iyayenmu suka share mana.

To a ina za ki samu? Ki fara da gida. Littafin darasin tattalin gida da na aikin gona da kika jefar bayan ƙaramar sakandare, ki kakkaɓe su, akwai girki da ɗinki da lambu da kiwo a ciki. Ki roƙi Baba ko Yaya ya tambayi malaman gona na KNARDA ko suna da takardun bayani, domin cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana shirya irinsu saboda manoma. In an shiga birni a leƙa shagunan littattafai na kasuwar Sabon Gari, ko ɗakin karatu na Murtala Muhammed. In tsada ta hana, ku haɗa kuɗi ku biyar ku sayi ɗaya, kamar dai yadda kuke karɓa-karɓar littattafanmu a aji.

In ya zo hannunki, ba karatun labari za ki yi masa ba. Ki karanta babi ɗaya har ƙarshe kafin ki taɓa komai. Ki tanadi littafin rubutu, ki riƙa rubuta abin da kika zuba da abin da ya fito. Ki fara da kaɗan, gwangwani ɗaya na fulawa, ba kwano ba. In kin gama ki kai wa wata babba da ta iya ta duba miki, domin akwai abin da sai hannu ya taɓa ake ganewa.

Sai dai ina jan kunnenki, ba duk abin da aka buga ne gaskiya ba. Ki duba wa ya rubuta, me ya sani a kan abin. Ki guji 'yan takardun da ke koyar da haɗa man bilicin da haɗe-haɗen da ake ce wa mace ta sha ko ta yi matsi da su. Hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kan mayukan sauya fata, saboda suna sa fata ta yi laushin da rauni ba ya saurin warkewa, wasunsu ma suna taɓa ƙoda. Abin da ya shafi magani, a tambayi ma'aikacin lafiya.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan uwana marubuta. Yawancin littattafan sana'a da Turanci suke, da sunayen kayan da babu su a kasuwar Kabo. Mu da Allah ya ba alƙalami, me zai hana kowacce ta zauna da tsohuwar gidansu, ta riƙe gwangwani da cokali, ta auna abin da ita take aunawa da ido, ta rubuta? Nakiya, dubulan, alkaki, turaren wuta, ɗinkin hula, duk tsohuwar da ta rasu ba a rubuta nata ba, da shi ta tafi. Ni dai na fara da Kakata, mun kammala babin daddawa, tana yi mini dariya wai jikarta ta mai da kalwa karatun boko.

Ƙanwata, ki ci gaba da karanta labaranmu, ina jin daɗi. Amma in kin sayi biyar, na shidan ya zama wanda zai koya wa hannunki sana'a, ko da nawa ne za ki haƙura da shi a wannan watan. Allah ya sa albarka a abin da muke nema, ya rufa mana asiri duniya da lahira. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, ku huta lafiya.