Kafin Makarantarmu Ta Sayi Kyamara

A duk ƙarshen shekara, ranar rabon sakamako, magana ɗaya iyaye ke yi mana: "Malam, a turo mana hoton yaran." Shi ya sa abokan aiki ke yawan tambayata wace ƙaramar kyamara ta dace makaranta ta saya. Wasu kuma kan ce, ina amfaninta tunda kowane malami na da salula a aljihu? Ni dai ina cikin masu cewa a saya, amma a san abin da za a duba.

Mai shago zai fara da yawan megafiksel, domin shi ne lambar da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali. Kada wannan ya ruɗe mu. Facebook kan rage hoto har tsawonsa ya koma fiksel 2048, wato kusan megafiksel 3, WhatsApp ma matse shi yake yi kafin ya tura. Kyamara mai megafiksel 12 ta ishe mu, har a wanke hoton a liƙa a bangon aji.

A nan Agadas babban abokin gabar kyamara ƙura ce. Yawancin ƙananan kyamarori idan an kunna su idon yakan fito waje, in an kashe ya koma. Da yashi ya shiga wannan gaɓa, sai idon ya maƙale, kuma samun mai gyara a kusa ba abu ne mai sauƙi ba. Idan da hali, gara irin waɗanda aka yi don jure ruwa da ƙura, kamar Olympus Tough, waɗanda idonsu a rufe yake ciki. In kuɗi bai kai ba, a haɗa da jaka mai zif, kuma kada a goge gilashin da bakin rawani. Ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta karce shi.

Sai batir. Zafi na cinye shi, don haka ba a barin kyamara cikin mota ko a rana. Wadda ke aiki da batir ƙanana na AA, irin wasu tsofaffin Canon PowerShot, tana da daɗin sha'ani ga makarantun ƙauye inda babu wuta, tunda ana samun batirin a kanti.

A kuma gwada faɗin abin da idon ke ɗauka. Hasumiyar babban masallacinmu ta kai kusan mita 27, lungunan tsohon gari kuwa, wanda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, matsattsu ne. Duk wanda ya kai ɗalibai ziyara can ya san ba wurin ja da baya. Ido mai faɗin milimita 24 zuwa 28 shi zai haɗa yara da hasumiya a hoto guda. Don cinkoson Bianu kuwa, a nemi zum na gilashi. Zum na dijital yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi.

Amma babban dalilina ba na na'ura ba ne. Hoton da aka ɗauka da salula, kafin ƙiftawar ido ya shiga guruf, daga nan kuma ba mai iya dawo da shi. Na kyamara kuwa sai an cire katin, an sa a kwamfuta, an zauna an zaɓa. Wannan ɗan jinkirin alheri ne. A cikinsa ne darakta zai ga yaron da rigarsa ta yage, ko allon da ke nuna sunaye da makin waɗanda suka faɗi, ko yarinyar da mahaifinta bai yarda a yaɗa fuskarta ba. Ga shi kuma hotunan 'ya'yan mutane ba su kwana a wayar malami ba, wadda za ta iya ɓata ko a sayar.

Don haka shawarata ga kwamitin iyaye: ranar da aka amince a fitar da kuɗin kyamara, a ranar za a rubuta wanda zai riƙe ta, da wanda zai duba hoto kafin ya fita, a kuma tambayi kowane uba da uwa ko sun yarda. Yaran nan amana ce a hannunmu, har da hotunansu.