Rajista da lambar waya

Yaranmu masu koyon rubuta manhaja na ƙorafin cewa Django, tun fitowarsa a 2005, yana da hanyar shiga da fita da adana kalmar sirri, amma ba ya zuwa da shafin rajista. Ni dai gara min haka. Shafin ƙungiyar 'yan kasuwarmu na nan Ibadan nake haɗawa, kuma yawancin dattawanmu ba su da imel, lambar waya kawai gare su, wani ma da wayar ɗansa yake amfani. Rajistar da aka saba haɗowa kuwa imel take nema, sai na warware ta kafin in gina tawa. Adana kalmar sirri kam a bar wa Django, ban yarda kowa ya ƙirƙiro tasa hanyar ba.