Ƙwazon Wanki Ya Ja Mini Kunya a Ƙasar Mutane

Tun ina 'yar shekara goma Inna ta koya mini cewa wankin da ba a cuɗa ba jiƙo ne kawai. A cuɗa har hannu ya yi ja, a ɗauraye sau uku, a murɗe, a shanya, sannan a bi da guga mai zafi. Da wannan tarbiyya na zo birnin Abadin na ƙasar Sukotland, kuma ita ce ta kusa ɓata tsakanina da maƙwabciyata.

Ranar 30 ga Nuwamba ita ce ranar ƙasa a nan. Makarantar su ɗana ta aiko da takarda cewa kowane yaro ya zo sanye da wani abu na tatan, wato yadinsu na gargajiya mai zanen gidan dara. Yaro ya kafe shi kilit yake so irin na abokansa. Kilit tufar mazansu ce: tana tsayawa a gwiwa kamar siket, gabanta a shimfiɗe, bayanta kuwa ninki ne a jere masu karin guga, ana ɗaure ta a ƙugu da maɗaurin fata.

Maƙwabciyata, wata dattijuwa mai kirki, ta ji labari ta kawo mana aron na jikanta. Ta ce tana ajiye shi ne don ƙanensa ya sa ranar 25 ga Janairu, daren da suke tunawa da mawaƙinsu Robert Burns. Na yi godiya, na ce zan dawo da shi fes.

Yaro ya dawo daga makaranta da tabon lemo a gaban kilit ɗin. Ban yi wata-wata ba na zuba ruwan zafi, na sa buroshi na dirje tabon. Daga nan na jefa shi injin wanki tare da tawul da wandunan jins, na sa zafin a 60, na ƙarasa da injin busar da kaya. Da na ciro shi sai gabana ya faɗi. Gaban duk ya yi ƙananan curin zare kamar ƙuraje, ninkin baya ya baje. Na jona dutsen guga in gyara, ina ɗorawa wurin ya ɗauki ƙyalli kamar leda. Nan na zauna a ƙasa na riƙe kai.

Kwana biyu ina ɓoyon matar nan. Har na yi tunanin in sayo wani in kai mata ba tare da bayani ba. Baban yara ya ce, “Amana aka ba ki. Ki je ki faɗi gaskiya, in ya so a biya.” Na ɗauka na tafi jiki a sanyaye.

Ta juya shi a hannunta, ta yi shiru, sannan ta nuna mini 'yar takardar da ke ɗinke a ciki, wadda ban ko kalla ba. Akwai hoton baho da lamba 30, ma'ana kada zafin ruwan ya wuce haka. Akwai murabba'i mai da'ira a ciki an soke shi, ma'ana ba a sa shi a injin busarwa. Akwai dutsen guga mai ɗigo ɗaya, ma'ana zafi mafi ƙanƙanta.

A teburin kicin ɗinta na fahimci abin da na yi. Kilit na asali da ulu ake yin sa, na babban mutum yana cin yadi kusan takwas, yana da tsada, kuma ba a wanke shi a gida. Na yara irin wannan yawanci akirilik ne, zaren roba da ake samu daga sinadaran man fetur. Yana da araha da taushi, amma yana da maƙiya biyu: gurza da zafi. Idan aka gurje shi, gajerun zaruruwa sukan fito saman yadin su cukurkuɗe su zama curi. A jikin ulu irin wannan curi yakan tsinke ya faɗi, amma zaren roba yana da ƙarfi, sai ya riƙe shi gam. Zafi kuwa yana sa zaren ya saki, kari ya baje, in ya yi yawa ya fara narkewa. Ashe duk abin da na ɗauka tsafta ce, shi ne ɓarnar.

Ga yadda ta koya mini. Ba kowace sawa ake wanke shi ba, a rataye shi ya sha iska. In tabo ne, a jiƙa tsumma mai tsabta da ruwan sanyi da ɗigon sabulun ruwa, a riƙa dannawa, ban da gogawa. In wanki ya zama dole, a cire fil ɗin ado na gaba, a sa allura da zare a kama ninkin da manyan ɗinki don kada ya baje, a juya cikinsa waje. A nutsa shi a ruwan sanyi ana matsawa a hankali, ba cuɗa ba murɗa. In a inji ne, a sa shi cikin jakar raga shi kaɗai, a wankin hankali, nesa da tawul, jins da duk abu mai zif. A naɗe shi cikin tawul ya tsotse ruwan, a rataye ta ƙugu da hanga mai matsewa, nesa da hita. Wurin guga a shimfiɗa ƙyallen auduga mai ɗan laima a kai, a riƙa ɗorawa ana ɗagawa. Ta kuma ce sarƙar 'yar jakar da suke ratayawa a gaba tana cin yadin, maɗaurin fata mai santsi ya fi.

Mun yi kusan awa biyu muna gyara. Ta ɗauko 'yar na'urar aske curin zare mai batir, muka bi gaban a hankali, muka sake kama ninkin ɗaya bayan ɗaya. Ƙurajen sun tafi, karin ya dawo. Ƙyallin gugar ne bai tafi ba, don abin da ya narke ba ya komawa. Allah ya taimake ni ya faɗo a shafin da ɗayan ke rufewa. Na miƙa mata kuɗi ta ƙi karɓa, sai da na kai mata kwanon dambun nama hankalina ya kwanta.

Daren nan na kira ƙanwata a Kano na ce ta duba takardun cikin rigunan sanyin yaranta na hunturu, da huluna da safar jaririnta. Ta dawo ta ce, “Yaya, ai kusan duk akirilik ne! Shi ya sa suke tsufa tun sanyi bai wuce ba, ni kuma ina zagin gwanjo.”

Da na ba Inna labari dariya ta yi, ta ce, “Ni atamfa na koya miki wankewa, ba roba ba. Matambayi ai ba ya ɓata.” Yanzu kowace tufa ta shigo gidana, sabuwa ko ta aro, sai na juya cikinta na karanta kafin ta ga ruwa.